Indararon Gidan Baba Gana

Yau ko kunu ban kurɓa ba, da kwandon ƙasa na karya. Ni da maƙwabta muka yi ta kwashe rufin soron Baba Gana, tsohon da muke katanga ɗaya da shi a nan Haɗeja.

Wanda bai ga gidan nan a tsaye ba ya yi asara. Kakan Baba Gana ne ya gina shi da tubali: zaure mai bakan gizo, azara a jere kamar haƙoran matsefi, zankwaye a sama, ga kaurin bango, ko ana tsakiyar bazara sai ka nemi mayafi. Duk shekara kafin damina unguwa kan yi gayya, a yaɓe rufi, a shafa makuba, a share indararo. Ambaliya ta sha zuwa ta gaishe shi ta koma.

Sai bara Allah ya kawo mana masu girma a motoci masu baƙin gilashi, suka ce gidan ya shiga jerin kayan tarihi. Muka yi ta murna, ni har da sabuwar hula. Suka kafa allon ƙarfe, wai daga ranar kada kowa ya ƙara taɓa ginin sai ƙwararru. Ƙwararrun, Allah ya ƙara musu basira, suka lafta wa bango farin fenti, suka cire indararo, suka toshe kafofin da siminti, wai suna ɓata hoto.

Baba Gana ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, to ruwan ta ina zai sauka?"

Babbansu ya ce za a kafa kwamiti.

Damina ba ta jira kwamiti ba. Rufi ya zama tafki, har matata Adila ta ce saura a zuba tarwaɗa. Tsohon ya jingina tsani zai fasa simintin, mai gadin da suka ajiye ya nuna masa allo. Jiya muna sallar la'asar muka ji rugugi. Soron da aka haifi Baba Gana a ciki ne ya zauna. Wallahi raina ya ɓaci da na ga dattijon nan tsugune yana share wa guntun azara laka da bakin rigarsa.

Amma a yaba musu, allon nan ko gezau bai yi ba, yana nan yana gargaɗin kada a taɓa gini. Mu dai mun bi doka. Ruwan sama ne bai iya karatu ba.