Rasuwar Kwamfutar Hamdiyya da Birnin Rumawa da Ke Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki zafi, ni Hindu ta unguwar Jega Magaji nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Jega da Aliero da Maiyama rasuwar kwamfutar jikata Hamdiyya, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Talatar da ta gabata, tsakanin azahar da la'asar, a tsakar gidana, a hannun mutumin da zan faɗi sunansa nan gaba kaɗan. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ban yi boko ba. Maƙwabciyata Malama Luba ke rubuta wagga sanarwa, na kuma gaya mata kar ta gyara mini magana ko ɗaya. Inda na yi zafi ta bar shi da zafinsa.

Marigayiya ta rasu tana da shekara biyar a hannunmu. Baƙa ce, siririya, mai tabo a kusurwar hagu tun ranar da ta faɗo daga kan turmi. Da ita Hamdiyya ta gama karatunta a Aliero. Ba ta taɓa cin abincin kowa ba sai wuta, in wutar ta ɗauke kuma ta yi haƙuri da abin da hasken rana ya tara mata. In an buɗe ta da safe takan yi gaisuwa, tilin-lin, ta fi wasu 'ya'yan mutane ladabi. In aiki ya yi mata yawa sai ta riƙa numfashi, fuuuu, kamar mai surfe. Ba ta gulma, ba ta zuwa biki.

Abin da ya sa mutuwarta ta zama ta gari guda shi ne, akwai gari a cikinta. Wani kamfani na Legas mai yin wasan bidiyo ya ba Hamdiyya aikin gina wani birni na Rumawan zamanin da, da yaƙin da aka yi masa, yadda masu wasa za su shiga su ga kamar suna ciki. Wata goma sha tara yarinyar nan tana gini. Na gani da idona. Ganuwa ta dutse da ƙofa huɗu. Hanyar ruwa da aka ɗora bisa dogayen ƙafafu tun daga tsauni har tsakiyar gari. Gidan wanka da mazansu ke taruwa ba kunya, wanda na ce ta rushe ta ƙi. A bayan ganuwa kuma ga maƙiya sun kewaye, da majaujawa mai jifa da dutse kamar turmi, da wani gungumen icce mai kan rago da suke dukan ƙofa da shi. Har yau ina jin sa a kunnena. Dum. Dum. Dum.

Kar wani ya ce tsohuwa na kukan abin da ba nata ba. Da hannuna a ginin nan. Ranar da ta fara nuna mini, na ga an tsare gari wata huɗu amma mutanen ciki duk kumatu cike, suna yawo a kasuwa kamar ranar sallah. Na ce, "Ke Hamdiyya, wanga gari bai san yunwa ba. Wa ya gaya miki haka ake yi?"

Ta ce, "To Kaka, ya ake yi?"

Na zaunar da ita. Ni na ga shekarar da damina ta ƙi, ina da goyo. Na gaya mata karnuka ke fara ɓacewa daga titi, sannan hayaƙin girki ya ragu gida-gida. Na gaya mata mai hatsi ba ya daka da rana, don kar maƙwabta su ji taɓarya. Na gaya mata faɗan farko a bakin rijiya ake yin sa, kuma mata ke yi. Albasar da ta tara musu a ɗaki rufe na ce ta fito da ita inda iska ke ratsawa, in ba haka ba ta wuya za ta fara ruɓewa kafin maƙiyi ya jefa dutse ɗaya. Duk ta sa. Mutanen Legas suka aiko suna tambaya a wane littafi ta samo. Ta ce musu littafin yana nan yana tsinke zogale. Daga baya har ta yi wata tsohuwa mai tsayawa bisa ganuwa tana zagin maƙiya, ta ɗauki muryata ta sa mata. Kwana uku ina zagi a gaban marigayiya, ita kuma tana haddacewa ba ta gaji ba.

Yanzu ga jinya. Marigayiya ta ɗan jima tana fama da zafin jiki, don ɓawon albasa da ƙaiƙayi sun shiga fankarta, numfashin ya koma ƙirrr. Hamdiyya ta san da haka, ta ce in ta gama za ta kai ta wurin masu gyaran irinta. Ranar Talata ta bar ta tana haɗa yaƙin ƙarshe, aikin da ta ce zai ci yini guda, ta tafi Aliero karɓo takarda. Ni kuma na leƙa suna a maƙwabta.

A nan Munir ya shigo. Munir na Maiyama, ɗan ƙanena, mai gyaran injin ban-ruwa, wanda na goya a bayan nan nawa wata bakwai lokacin da uwarsa ke ciwo. Ya zo kasuwa ya biyo cin tuwo kamar yadda ya saba. Ya ji kukan fankarta a ɗaki. Ba wanda ya kira shi, ba wanda ya ce masa kanzil.

Da na dawo na tarar da ita a kan buhu tsakar gida, ciki a buɗe, ƙusoshinta cikin murfin kwano. Gidan duk warin fetur. Ya wanke mata ciki da fetur da tsohon buroshin haƙori, yadda yake wanke kafireton inji. Ya busa da baki. Ya shanya ta a rana. Wani ɗan ƙarfe da ya ƙi fita ya ƙwanƙwasa shi da sifana har ya fita, wanda daga baya aka ce mana nan ne birnin yake.

Na ce, "Munir, uban me kake yi?"

Ya ce, "Goggo, kwantar da hankalinki. Shaƙewa ta yi. Inji ai inji ne."

Na ce, "Ka ga ta yi maka kama da mai jan ruwa a fadama?"

Ya ce, "Yanzu za ki ji ta tashi kamar sabuwa."

Ya maida, ya sa caja, ya danna. Ta ce fut. Hayaƙi shuɗi ya fito ta gefenta, siriri, ya tashi sama. Wannan ce maganarta ta ƙarshe. Shi kuwa ya dube ta, ya dube ni, ya ce wai dama ta zo da ajalinta. Sannan, jama'a, ya tambaya ko akwai sauran tuwo.

An kai ta Birnin Kebbi, an kai ta Sakkwato. Kowa ya buɗe sai ya toshe hanci ya ce wa ya yi wannan.

Marigayiya ta bar caja ɗaya, wadda har yanzu ke rataye a ƙusa ba ta san abin da ya faru ba. Ta bar jaka baƙa mai zif ɗaya. Ta bar ɗan filas, irin wanda ake soka wa kwamfuta don ajiya, da aka kwafi aikin bara a ciki, mai ɗauke da rabin ganuwa da ƙofa ɗaya da jaki guda tsaye a fili, ba mutum ko ɗaya. Sauran mutum dubu uku na birnin, da maƙiyansu, da tsohuwar kan ganuwa, duk sun bi ta. Abin da mayaƙa suka kasa wata huɗu, ɗan ƙanena ya gama shi kafin la'asar. Ta kuma bar Hamdiyya, wadda ke zaune bakin gado tana kallon bango, ko kunu sai na tsaya a kanta.

Malamai sun ce ba a roƙa wa ƙarfe gafara, na bi. Amma ba malamin da ya ce in yi shiru.

Don ba mutuwar kaɗai ta tashe ni ba. Munir ya koma Maiyama yana gaya wa masu kawo masa gyara cewa a mace ya same ta, wai taimako ya je yi. Yana cewa ba komai a ciki sai wasan yara. Matar da ke shugabantar aikin a Legas kuma ta gaya wa Hamdiyya a waya cewa ta sha jin "kwamfuta ta lalace" daga bakin waɗanda ba su yi aiki ba. Ta ce in akwai shaida ta gaskiya kafin ƙarshen watan nan za su ƙara mata lokaci ta sake gini, in babu su ba wani. Wato yarinyar da ta yi wata goma sha tara tana ɗora dutse bisa dutse za a rubuta ta maƙaryaciya, a ƙwace aikinta, don wani ƙato ya ƙi buɗe baki.

Ba na son ya biya. Da me zai biya birni? Abu ɗaya nake so. Ya tsaya gaban waya, a ɗauke shi bidiyo, ya riƙe kwalbar fetur ɗin da buroshin, ya faɗi sunansa da na ubansa, ya ce lafiyarta lau tana aiki ya same ta, shi ya buɗe ta, shi ya kashe ta. A aika Legas. Na aika masa ƙanena, ubansa, Munir ya ce wai girmansa zai zube. Na aika masa limamin unguwarsu, ya ɓuya bayan shago.

Saboda haka ga yadda jana'iza za ta kasance. Za a ɗauko gawa daga gidana ranar Asabar da hantsi, a naɗe cikin farin ƙyalle, a bisa faifai. Za a shiga mota a tashar Jega. Za a sauke ta a Maiyama, a ƙofar shagon Munir, kan bencin da masu jiran gyara ke zama. A nan za a yi zaman makoki. Ni zan zauna a gefenta, duk wanda ya kawo inji in buɗe masa ƙyalle ya ga aikin mai gyara, sannan ya yanke wa kansa shawara. Manoman Gehuru da Alelu da ke kai masa injinansu ana gayyatarsu musamman, su zo da idonsu.

Mai zuwa ta'aziyya ya zo da tabarmarsa. Mata su zo da murya. Wanda zai zo ya ce "Inna, a yi haƙuri, ɗanki ne" ya zauna gida, na san ɗan wa ne, ni na wanke masa kashi.

Sa'ar da ya faɗa gaban waya, a sa'ar za a rufe marigayiya, in tashi in karkaɗe zanena in koma Jega. In bai faɗa ba ranar Asabar, akwai Lahadi. Marigayiya ba ta kumbura, ba ta wari, ni kuma ba ni da wani aiki.

Sanarwa daga Hindu, Jega Magaji, a madadin Hamdiyya da caja da jaka da jakin da ya tsira.