Ranar da Na Kasa Cewa "Na Bayar"

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanwata Luba ba, duk da cewa da mantuwa abar saye ce da na daɗe da sayenta. Ni ne waliyyi a ranar, kuma kalma biyu rak ake buƙata daga bakina: "Na bayar." Su ne suka gagare ni a gaban mutanen Bodinga da na Shagari.

Bari in koma baya kaɗan. Bayan rasuwar mahaifinmu na shiga wani hali, ba barci ba walwala. Na je wurin malaminmu na zaure, ya ce in riƙa istigfari ɗari safe da yamma, zuciya za ta kwanta. Ta kuwa kwanta. Sai ni da kaina na ga ai ɗari ta yara ce. Na mai da ita dubu, na mai da ita dubu biyar, na sayi ɗan carbin nan na latsawa da ake sa wa a yatsa. Daga nan na ƙirƙiro wa kaina doka (babu malamin da ya ba ni ita, wallahi daga kaina ta fito): idan na fara, ba na magana da kowa sai na kai ƙarshe. In kuwa na yi kuskuren buɗe baki, to lissafi ya ɓaci, sai in goge in koma farko.

Alamu sun yi ta bayyana, ni ne dai ban gani ba. Inna ta yi mini magana in amsa da gyaran murya. A makarantar firamaren da nake koyarwa, yara su yi ta tsalle a kan benci ina bakin taga ina latsa yatsa. Ranar da ban cika adadi ba kuwa, gabana ya yi ta faɗuwa kamar wani mugun abu zai sami gidanmu. Abin da ya fi muni, na fara kallon masu hira a bakin kasuwar albasa a matsayin gafalallu, ni kaɗai ne farkakke a garin.

A al'adarmu ƙanen uba ne ke ba da aure. Amma Baba, yana kwance a ciwonsa na ƙarshe, ya ce yana so ni in ba da Luba da bakina, tunda ni na yi ɗawainiyar karatunta har ta zama ma'aikaciyar jinya. Baffa Umaru, ƙanensa, bai ji daɗi ba, amma ya haƙura. Luba kuwa ta riƙe maganar nan gam. Ana gobe ɗaurin aure ta same ni ta ce, "Yaya, in ka hwaɗi ta gobe, kamar Baba na ya hwaɗi."

Da safe sai dabara ta zo mini (irin dabarata): in yi wa auren istigfari dubu goma don albarka, kafin sha ɗaya, lokacin ɗaurin auren, na gama. Na kai dubu huɗu ke nan wata maƙwabciya ta leƙo tana tambayar inda aka ajiye manyan tukwane, na manta na ce mata, "Bayan rumbu." Shi ke nan, na goge na koma farko. Mai hankali da nan ya bari sai gobe. Ni kuwa na ƙara sauri.

Sha ɗaya ta yi, motocin dangin ango suka iso daga Shagari, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka zaunar da ni kusa da liman. Na saci kallon yatsana a ƙarƙashin babbar riga, saura ɗari uku da wani abu. Na ce a raina kafin a gama gaishe-gaishe na cika. Ashe limamin yana da wani ɗaurin auren a gaba, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

Wakilin ango, wani dattijo mai farin rawani, ya gyara zama ya ce, "Muna biɗa ma ɗanmu Bello auren ɗiyarku Lubabatu."

Aka juyo gare ni. Na ɗaga yatsa ɗaya, wato a ɗan dakata.

Dattijon ya maimaita. Sanƙira ma ya maimaita da lasifika, yadda matan da ke cikin gida za su ji. Ni dai leɓena na motsi, zufa na bin bayana. A karo na uku sai na ji wani daga cikin baƙin yana cewa, "Ko dai ba shi son abin ga na? In ba su so, su hwaɗa muna mu koma gida."

Baffa Umaru ya matso ya damƙi gwiwata. "Kai, mi as same ka? Aljanu na ko iskanci? Mutane sun taso tun daga Shagari kana yi musu kurman gangan!"

Na san in na ce uffan, dubu tara da ɗari takwas sun tafi. Ku ji fa abin da nake aunawa da auren ƙanwata. Liman ya dube ni ya ce, "Ka wakilta Baffanka?" Na gyaɗa kai. Baffa ya ce ya bayar, sau uku, cikin fushi. Wakilin ango ya karɓa, aka shaida.

Ana ɗaga hannu za a shafa fatiha ne na cika dubu goma. Sai kawai na ji bakina ya ce da ƙarfi, "Alhamdu lillahi! Na bayar!" Wasu samari suka fashe da dariya a tsakiyar addu'a. Dattijon nan ya dube ni sama da ƙasa, ya kau da kai. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige ba sallama.

Dariyar ba ta dame ni kamar shigata cikin gida ba. Inna ta juya mini baya. Luba na zaune cikin ƙawayenta, lalle a hannu, idanu jawur. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Yaya, ni ban ce ka bar Allah ba. Kalma biyu nir roƙe ka." A gidan mijinta kuwa an yi watanni ana raɗa cewa yayanta bai so auren ba, ita kaɗai ta sha wannan.

Da na kai wa malam labarin, tambaya ɗaya ya yi mini: "Ɗari nib ba ka. Sauran wa ya aza maka su?" Ya ce zikirin da ke sa mutum tsoro maimakon natsuwa, ya hana shi amsa kiran uwarsa, ya sa shi raina jama'a, to a bincike shi, ya daina zama na Allah ya koma na son rai. Na koma ɗarina, kuma ko a tsakiya aka yi sallama ina amsawa, ban ga sama ta faɗo ba.

Abin da na koya shi ne, in ka ga ibadarka ta fi ta malaminka tsauri, kuma mutanen gidanka ne ke shan wahalarta, to je ka a duba ka tun kafin a tara maka jama'a. Luba ta yafe mini tuntuni, 'ya'yanta uku yanzu. Amma duk ranar da aka tambaye ta wanda ya ba da aurenta, Baffa take cewa, kuma gaskiya ta faɗa.