Sallau da Akwatin Yaya Hansai

A garin Kurmin Gwaza akwai wani magidanci gwauro mai suna Sallau, wanda in ka ce masa ya tsaya zai tsaya har ciyawa ta tsiro a ƙafarsa. A gidan yayarsa Hansai yake zaune. Ita ce kwamitin gari ya damƙa wa akwatin da intanet ke bi ya shigo garin, akwatin da ba ya jin magana sai an haɗa shi da kwamfuta an rubuta masa umarni a kan baƙin allo. Shugaban kwamiti, Alhaji Barau, ya daɗe yana zargin Hansai na raba intanet ga 'yan uwanta a ɓoye, dalili kawai yake nema ya ƙwace aikin. Ana cikin haka ta haihu, ta tafi wankan jego gidan mahaifiyarsu a ƙauyen gaba, ta bar wa Sallau akwati ba da son ranta ba.

Wata rana ta bugo waya ta ce, "Sallau, ka rubuta duk abin da na faɗa, kada ka rage komai." Ta fara jero umarni yana bugawa. Can jaririn ya tsala ihu, ta ce, "Yi shiru, ɗan albarka, ga nono." Sallau ya rubuta wannan ma. Akwati ya amsa cewa bai san wannan umarni ba. Tun daga ranar Sallau ya daina yarda da shi, wai abin da aka yi wa tayin nono ya ƙi, akwai abin da yake ɓoyewa.

Wata rana ta ce masa, "Kalmar sirri, kada kowa ya ga ana rubuta ta." Sallau ya kori kaji, ya rufe taga, sannan ya tuna shi ma mutum ne, ya runtse ido ya yi ta dannawa. Akwati ya gaji da kuskure ya kulle kansa. Alhaji Barau ya zo ya tarar da taga a rufe, mutum a ciki ido a rufe, ya koma yana cewa, "Na faɗa muku akwai abin da suke ƙullawa a gidan nan."

Wata rana ta ce, "Duk wayar da ba ka sani ba, toshe ta." Ashe Alhaji ya sayi sabuwa, Sallau ya toshe ta. Ya zo yana huci: "Kai, ba ka san ni ba?"

"Na san ka, Baba Alhaji. Wayar ce ba mu taɓa gaisawa ba."

Da Hansai ta ji, ta kusa kuka. Ta ce, "Daga yau ko wa ya rubuta wani abu, kada ka danna umarnin adanawa sai ka ji daga bakina."

Wata rana sai ga Alhaji da wani baƙo mai ƙamshin turare, wai injiniya ne daga birni, shi zai karɓi aikin. Baƙon ya zauna ya yi ta bugawa yana kare allo da kafaɗa. Da ya zo adanawa, akwati ya nemi kalmar sirri. Ya ce, "Malam, sa mana."

"Sai na ji daga bakin Yaya."

"To, kira ta a waya."

"Yallaɓai, baki ta ce. Wannan bakin waya ne."

Kafin su ankara Sallau ya loda akwati da kwamfuta da batirinsu a baro, duk a kunne, ya nausa hanyar ƙauye. Alhaji ya ɗaga murya, "Ɓarawo! Sun sace kayan gari!" Rabin kasuwa ta biyo baya.

Hansai ta fito da zane a ƙirji, ta ga taro, ta san aiki ya tafi. Ta durƙusa ta duba allo, sai fuskarta ta canja. Ta ce, "Baba Alhaji, baƙonka ya karkatar da hanya. Duk saƙon da ya fita daga garinmu sai ya bi ta na'urarsa ya karanta, har da naka. Da an adana, shi ke nan." Aka waiga neman injiniya, sai ƙamshin turarensa. Ta kashe akwati ta kunna, duk abin da baƙon ya rubuta ya goge.

Alhaji Barau ya sunkuyar da kai ya ce, "Hansai, riƙe aikinki. Na zarge ki a banza."

Hansai ta ɗaga jaririn tana dariya da hawaye, ta ce, "Ka ga kawunka? Allah ya bar mana shi."

Sallau ya jawo kwamfuta ya rubuta hakan. Akwati ya ce bai gane ba.

Sallau ya harare shi ya ce, "Ni ma ban gane ba, amma daga bakin Yaya ya fito."