Rasuwar 'Yar Sannu a Bakin Ƙofar Gabas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsa mai neman abin dannawa, tela mai shagon ƙarƙashin bene tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da masu kawo ɗinki rasuwar wayarta, wadda kowa ya sani da suna 'Yar Sannu. Ta cika ne da hantsi, a kan teburin yanka, tsakanin almakashi da alli, tana bakin aiki.

Marigayiyar ƙarama ce, baƙa, mai maɓallai. Maigidan tela ne ya sayo ta kafin ya riga mu gidan gaskiya, ita kuwa ta riƙe amana a bayansa. Ta faɗi ƙasa ba adadi. Ta taɓa wuni a aljihun rigar da aka jiƙa, ba ta kai ƙarar kowa ba. Da murfin bayanta ya daina kamawa aka ɗaure ta da robar ƙugun wando, ta karɓa kamar ɗamara. Aibinta ɗaya ne, kuma ba za a ɓoye shi don ta mutu ba: nawa. In an danna ta sai ta ce ƙit, ta yi shiru, ta yi dogon tunani, sannan ta ce tilin. Mutum zai zura zare a allura tsakanin ƙit da tilin.

Ga waɗanda ba su san aikin da ta mutu a kansa ba, ga yadda abin yake. Autar tela tana aiki a wani kamfani da ke haɗa wasan waya. Wasan ba hoto, ba kiɗa, rubutu ne zalla. Wani ƙaton gida ne mai ɗakuna, mutane da yawa a ciki lokaci guda, kowa daga wayarsa. Ka rubuta gabas, ya ce kana ɗakin gabas, ga fitila, ga wane a zaune. Ka rubuta ɗauki fitila, ta zama taka. Ka rubuta rufe ƙofa, ta rufu wa kowa.

Aikin Auta shi ne gwaji. Ta ce wa uwarta kamar jan kowane ɗinki ne kafin a miƙa riga. Tana rubuta ƙananan gwaje-gwaje a kwamfuta, kowanne da tambayarsa ɗaya. In mutum ya ce arewa, ya isa arewa? In bango ne a gabansa, an hana shi? In ya rubuta shirme, an ce masa ba a gane ba? Wanda ya ci ya nuna kore, wanda ya faɗi ya nuna ja. Ita ta sa wa 'Yar Sannu wasan don a ga ko ƙaramar waya za ta ɗauka. Ta ɗauka, tela kuwa ta kamu, har ta taɓa ƙona wuyan riga da dutsen guga tana neman makullin ɗakin kudu.

Sai wata rana tela ta ɓace a cikin wasan. Ta rubuta gabas, ba a ce mata ta isa ba. Ta rubuta duba, shiru. Ba ta ɗakin da ta bari, ba ta wanda ta nufa. Wasu kaɗan cikin masu ɗanɗana wasan su ma suka kawo kuka irin wannan. Auta ta kunna gwaje-gwajenta, duka kore, kamar ba abin da ya faru. Ta gwada da wayarta, da ta abokin aikinta Dogo, da ta mai gadin ofis, ba wanda ya ɓata.

Shugabansu bai ɗaga murya ba. Ya ce an riga an sa ranar buɗe wasan, kuma in ba a gano ramin da ke cinye mutane ba kafin a tashi aiki ranar jajibirin buɗewar, zai karɓe sashen tafiya tsakanin ɗakuna daga hannun Auta ya miƙa wa wani. Auta sabuwar ɗauka ce, ba a tabbatar da ita ba. Kowa ya san abin da maganar take nufi.

A daidai wannan lokaci ciwon ajali ya kama marigayiyar. Batirinta ya kumbura har robar ta fara sheƙi. Mai gyara ya juya ta a tafinsa, ya ce, “Mama, lallaɓa ta za ki yi. Kira kawai, a taƙaice. In kika haɗa mata caji da aiki, zafi zai gama da ita.”

Ranar jajibirin Auta ta shigo shago da kwamfuta a hammata, idonta ya faɗa. Ba ta ko zauna ba.

“Umma, a hannuna ba wanda ke ɓata. A wayarki kaɗai na taɓa gani da idona.”

“Kin ji abin da mai gyara ya ce.”

“Na ji.”

Tela ta dubi wayar, ta dubi 'yar. Ta ture yadin da take yanka, ta jona caja.

Dogo yana ofis, yana cikin wasan, muryarsa na fita ta wayar Auta. Tela ta fara. Gabas kalma ce mai wahalar da marigayiyar, don maɓallin lamba biyu ya daɗe da sanyi, sai an sa masa farce. Ƙit. Shiru. Tilin. Ta isa lafiya. Ta koma yamma, ta sake gabas, ta sake isa lafiya. Ba a taɓa ganin mutane suna baƙin cikin isa lafiya irin na ranar ba. Wata mai karɓar ɗinki ta leƙo, ta ga fuskoki, ta ce za ta dawo. Wayar ta ɗumama, ta yi zafi, har tela ta naɗe ta da ƙyalle kamar hannun tukunya. Warin roba ya fara tashi.

“Umma, bari haka. Zan san abin da zan faɗa musu.”

“Me za ki faɗa? Matsa min.”

Ta sake rubuta gabas. Ƙit. Dogo, da ya gaji da tsayuwa a ɗakin gabas yana jiran ta, ya ce, “Mama, wannan tafiya taki ko ta amarya albarka. Ni dai na rufe ƙofata, sauro na shigowa.”

Tilin bai zo ba.

Auta ta sunkuya kan kwamfuta. Ta duba ɗakin yamma, ta duba na gabas, babu tela a ko ɗaya. Muryarta ta yi ƙasa. “Dogo, me ka yi yanzu?”

“Wasa nake yi. Ƙofa kawai na rufe.”

“Buɗe. Zan dawo da ita. In ta danna, ka ja numfashi ɗaya ka sake rufewa.”

Ashe wasan yakan cire mutum daga ɗaki, ya jira wayarsa ta amsa, sannan ya saka shi a na gaba. Wayoyin zamani kafin ƙiftawar ido sun amsa. 'Yar Sannu kuwa takan bar mutum tsaye a dokin ƙofa, in wani ya rufe a lokacin, shi ke nan. Amma gani ɗaya ba shaida ba ne, dole a maimaita. Fuskar wayar ta riga ta fara rawa. Tela ta sa farce, ta danna harafi bayan harafi. Ƙit. Dogo ya rufe. Tela ta sake ɓata. Hasken wayar ya yi fari, ya yi toka, ya tafi. Wannan ƙit ɗin shi ne furucinta na ƙarshe.

Auta ta rubuta sabon gwaji nan take a kan teburin yanka: mutum biyu, ɗaya mai nawa, ɗaya mai rufe ƙofa. Ya nuna ja. Ta gyara, ya nuna kore. Ta isa ofis kafin a tashi, kuma har yau sashen tafiya yana hannunta.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja, wadda ba tata ta asali ba ce, da layi ɗaya, da robar ƙugun wando da ta yi jinyarta har ƙarshe. Ta bar wata sabuwar waya mai shafe-shafe da Auta ta kawo, mai sauri ba natsuwa, wadda tela ba ta saba da ita ba tukuna. Ta kuma bar magaji: wancan gwaji, da aka raɗa masa sunanta. Auta ta ce duk sanda aka taɓa wasan sai ya tashi ya yi nawa da gangan, irin ta uwarsa, a ga ko wani zai ɓata. Lambobin masu ɗinki kuwa ta tafi da su, don a cikinta aka ajiye, ba a layi ba. Mai riga a shago ya zo da ƙafarsa.

An miƙa batirin ga mai gyara, ya ce ba a ajiye irinsa a gida. Za a naɗe gawar da ƙyallen da ta cika a ciki, a sa ta a aljihun keken ɗinki na hagu, kusa da tabaran maigida, ranar Asabar da hantsi. Za a karɓi gaisuwa a shago. Wanda ya yi nisa ya shiga wasan ya rubuta gabas, zai tarar da tela a zaune kusa da fitila. Iyalan suna roƙon duk wanda ya shiga ya bar ƙofar a buɗe, ko da mai tahowa a baya.