Rasuwar Kafi-Tsumma, Mai Tsaron Gida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ba a ga dalilin ɓoye shi ba, Baba Kafinta na rumfar gyaran akwatuna, can ƙarshen harabar sito, yana sanar da abokan aiki, da masu dako, da direbobi, da duk wanda ya taɓa tsayawa kallo da kofin shayi a hannu, rasuwar Kafi-Tsumma, mai tsaron gidan ɓangaren ja a teburin ƙwallo na ɗakin hutu. Rai ya yi halinsa ranar Talata, saura minti shida a koma aiki, yana tsaye a bakin aikinsa. Ya rayu wata bakwai da kwana tara. Tsawonsa bai kai tafin hannu ba.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, teburin nan shi ne mai 'yan wasa a soke jikin sandunan ƙarfe, mutum biyu nan, biyu can, kowa na ja yana murzawa. Shekara biyu ɓangaren ja ba shi da gola. Wani ya karya na asali, sai aka naɗe tsumman goge mota a wurin aka ɗaure da waya, aka ci gaba da wasa. Shi kuwa Baba, shekararsa goma sha ɗaya yana cin abincin rana shi kaɗai a rumfarsa, daga shi sai zarto, yana jiyo ihunsu ta bango. Ba wanda ya hana shi shiga ɗakin hutu. Ba kuma wanda ya taɓa ce masa bismilla.

Wata rana ya shiga gyaran ƙofa ya ga tsumman, abin ya tsaya masa a rai. Ya samo guntun katako mai tauri, ya yi kwana huɗu yana sassaƙa, ya goge shi sumul, ya shafa masa jan fenti, har da 'yan idanu. Da ya ɗaura shi a sanda, Akawu ya duba ya ce to, ko ba komai ya fi tsumma. Sunan ke nan ya bi shi har kabari. Kuma tunda kunya ba ta bari a karɓi kyautar mutum a kore shi, aka ce Baba ya kama baya. Sabon shiga ai baya ake kai shi, inda laifi yake sauka.

Marigayin ya kasance mai haƙuri da kawaici. Bai taɓa barin raga ya tafi yawon neman suna ba. Bai taɓa juyowa ya harari wanda ke riƙe da shi ba, alhali yana da dalili, don kuwa a watan farko Baba ya wahalar da shi ba kaɗan ba. Da ya ga ƙwallo ta taho sai ya murza sanda da ƙarfin tsiya, bawan Allah ya yi ta wulwulawa ƙafa sama kai ƙasa, ƙwallo ta bi ta ƙarƙashinsa salin alin. Ya damƙe mariƙin sanda kamar mai riƙe guduma, kafin hannu ya saki an riga an ci. Ya jera gola daidai bayan ɗan baya, su biyu suna tsaron ƙofa ɗaya, sauran gidan a buɗe. Sau uku a wasa ɗaya ya buga ƙwallo ta daki ƙeyar ɗan bayansa ta dawo cikin ragarsa. Duk wannan marigayin ya shanye.

Ba wanda ya koya wa Baba komai, a rubuta wannan. Mai Awo, mai auna motoci a sikeli, wanda ke riƙe masa gaba, iliminsa duka kalma ɗaya ce, rufe, ita ma sai bayan ƙwallo ta shiga yake faɗinta. In an ci su, Baba ne. In sun ci, Mai Awo ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Don haka Baba ya koma zuwa aiki da rabin awa kafin kowa, ya kunna fitilar ɗakin hutu, ya tsaya shi da marigayin suna koyon zama da juna. Da kansa ya gano cewa a sassauta hannu. Da kansa ya gano cewa in ɗan baya ya tsare nan, gola ya tsare can, kada su haɗu. Daga baya ya gano babbar, wato a daina bin ƙwallo da ido, a kalli mai bugawa. Mai ɗakinsa ta ce tsofai-tsofai da shi ya rasa abin da zai tashe shi da sassafe sai wasan yara. Amma ita ce kuma ta lura ya fara dawowa gida da labari a bakinsa, ta ƙara masa abincin da yake tafiya da shi, ko wani zai sa hannu.

Marigayin ba mai yawan magana ba ne. Za a riƙa tunawa da ƙiii ɗin da yake yi idan ya zame daga wannan kusurwa zuwa waccan, da tak ɗin nan mai daɗi idan ƙwallo ta same shi a ƙafa, sautin katako na gaske wanda roba ba za ta taɓa yi ba. Abin da ya fi ji a rayuwarsa kuwa shi ne ƙwaram, daga bayansa.

Tun a wata na biyu Baba ya ce teburin nan ya karkata wajen ja. Idon kafinta ne, ko ƙofa ya kalla ya san inda ta jirkice. Ya ajiye ƙwallo a tsakiya ta gangaro da kanta. Guguwa, direban motar ɗaga kaya, wanda shi da Akawu ke riƙe da ɓangaren shuɗi tun kafa teburin, ya yi dariya har da riƙe ciki, wai wanda bai iya rawa ba shi ke cewa fili ya karkace. Aka ce daɓen ne haka. Baba ya ce a bar shi ya gyara, aka ce kada ya taɓa. Ya ce to a riƙa sauya gefe, aka ce doka ita ce wanda ya ci shi ke zaɓa. Ya koma ya kama sandarsa. Mai neman wurin tsayawa ba ya yawan gardama.

Rashin lafiyar ajali ta fara ne da 'yar tsaga a gwiwa, wadda bugun Guguwa ya jawo. Baba ya ɗura gam, ya ɗaure da zare, ya roƙi a riƙa sassautawa. Sai aka ƙara ƙarfi.

Ranar Talata aka kai tara da nema. Kowa ya san dokar ɗakin: waɗanda aka yi wa goma da nema sai sun bi ta ƙarƙashin tebur da rarrafe. Masu dako suka ajiye cokula suka matso. Ƙwallo na ƙafar ɗan gaban Guguwa, yana lallaɓa ta, yana murmushi. Baba bai kalli ƙwallon ba. Kafaɗa ya kalla, don ya daɗe da sanin cewa Guguwa kan ɗan sauke ta dama kafin ya ja wajen kansa. Kafaɗa ta sauka. Baba ya tura marigayin kusurwa tun ƙwallo ba ta tashi ba, karo na farko a rayuwarsa da ya riga ta isa.

Ƙwas.

Ya tare ta. A shaida wannan ko'ina, ya tare ta. Ƙwallo ta tsaya cak a bakin raga, ƙafar marigayin ce ta ɓalle daga gwiwa ta faɗa ramin raga. Sannan, ba wanda ya taɓa ta, ƙwallo ta yi ɗan tunani, ta gangara a hankali ta bi ƙafar. Akawu ya ce ci ne. Mai Awo ya tuna an bar masa mota a kan sikeli, ya ce ai dama ba gaba ake ci ba, ya fice. Aka bar mai shekara hamsin da takwas da gwiwoyinsa.

Ya durƙusa. Ba wanda ya ce a'a Baba, bari. Wani ma waya ya ɗaga. Ya shiga, ƙura na shiga masa hanci, takalman mutane kewaye da shi suna tsalle. A can ciki, inda ba mai gani sai wanda aka ci, ya ga abin da ya yi wata biyar yana faɗa. Ƙarƙashin faffaɗan allon da ke tallafe da gefen shuɗi, an cusa kwalin sabulu daga ciki, an ninka shi huɗu, ya yi baƙi don daɗewa. Baba ya sa kafaɗa ya ɗan ɗaga teburin. Aka fashe da dariya, wai tsoho ya bugi katako. Ya fito ta ɗaya gefen, ya karkaɗe wandonsa, kwali na cikin aljihu.

"Ai wasa ne, Baba," in ji Guguwa.

"Na gani," in ji shi.

Marigayin ya rasu ya bar 'yan baya biyu na roba, ɗaya ba kai. Da 'yan tsakiya biyar da ba su taɓa tare masa komai ba. Da 'yan gaba uku da ba a san aikinsu ba. Da sanda ɗaya mai ɗan lanƙwasa. Ya kuma bar Baba, wanda tun ranar Laraba ya koma cin abinci a rumfarsa. Ba korarsa aka yi ba. Kwana biyu bayan rasuwar, Akawu ya kawo sabon gola na roba a leda, mai sheƙi, aka ɗaura, aka ba wani sabon direba baya. Tunda gola ba na Baba ba ne, ba a ga abin da za a kira shi ya yi ba. An ji dai ta bango cewa sau uku ke nan ana cin ɓangaren shuɗi, kuma Guguwa ya fara cewa teburin nan an taɓa shi.

Iyalan marigayin suna roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su ce a sassaƙa wani. Katako akwai. Ba shi ne ya ƙare ba.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da ƙarfe ɗaya na rana, a rumfar gyaran akwatuna, inda za a sa marigayin da ƙafarsa a aljihun teburin aiki na ƙasa, kusa da tsofaffin kusoshi. Za a naɗe shi da kwalin sabulu mai ninki huɗu. Duk wanda ya san kwalin nasa ne, ya zo kafin a rufe, ya faɗa a gaban jama'a, za a ba shi abinsa. An san lokacin ya yi karo da lokacin wasa, don haka ba a yi hayar kujeru ba. Akwai dai benci ɗaya, kuma mai ɗakin Baba har yanzu ba ta rage abincin ba.