Ba Gajiya, In Ji Giwa

A wani daji da ke tsakanin duwatsu biyu da rafi ɗaya, duk abin da aka sani yana cikin kan giwa guda, Inna Yalwa. Ita ta san iyakar kowane gida, ta san ciyawar da ke kashe barewa da wadda ke warkar da ita, ta san inda kakanni suka haƙa ruwa a shekarun fari. Tun fitowar rana take tsayawa a gindin wata tsamiya, dabbobi su yi layi, kowa da tambayarsa.

Majalisar dajin ba ta yi sakaci ba, aƙalla haka take faɗa. Ta yi tanadi biyu. Na farko, kowace safiya Malam Jatau, gauraka, sakataren majalisa, yakan je duba lafiyar Inna. Ya rusuna ya ce, "Inna, ina kwana? Ina gajiya?" Ta ce, "Lafiya lau, Malam. Ba gajiya." Sai ya koma ya rataye ɗanyen ganye a ƙofar majalisa, alamar komai daidai. An ajiye busasshen ganye don ranar matsala, har gara ta cinye shi ba a taɓa nemansa ba. Na biyu, an ɗora aku arba'in a rassan tsamiyar su riƙa haddace duk abin da aka faɗa a wurin, ko da wata rana.

A ƙarƙashin saiwar tsamiyar akwai ramin wata bushiya, Tasalla. Ba ta da muƙami, ba ta da yawan magana, sai kunne. Ita ba amsar Inna take saurare ba, shirun da ke tsakanin tambaya da amsa take saurare. Bara, kafin ta ja numfashi biyu Inna ta amsa. Bana sai ta ja bakwai. Ta fara ajiye ƙwallon tsamiya ɗaya a kan kowane numfashi, tsibin kowace rana daban. Da tsibin ya kai goma sha biyar, ta kwashe su a ɓawon kuka ta nufi majalisa.

Shugaban majalisa wani ɓauna ne, Maikaho, ranar kuwa ƙaya ta soke shi a kofato, yana zaune yana cije baki. Tasalla ta jera tsibinta a gabansa, daga ƙarami zuwa babba.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "wannan na watan shuka ne, wannan na jiya. Kowane ƙwallo numfashi ɗaya ne da mai tambaya ya jira. Da tsakar rana ya fi yawa, lokacin da birai ke zuwa ɗaya bayan ɗaya suna tambayar hanyar gishiri, hanyar da aka gaya wa na gabansu. Inna tana gajiya. Idan ta kwanta, ba mu san ko'ina ba."

Malam Jatau ya miƙe, tukkunsa na rawa. "'Yan majalisa, ku shaida! Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, ban taɓa fashi ba, ko ana ruwa ko ana iska. Da bakina nake tambaya, da kunnena nake ji. Uwarmu ta ce ba gajiya. Yau kuma ga wata ta fito daga rami da shara a ɓawo, tana cewa uwarmu ƙarya take yi. Tsakanin maganar dattijuwa da ƙwallon tsamiya, wanne za mu ɗauka?"

Aka tafa masa. Tasalla ta jira tafin ya kwanta, sannan ta juya wajen shugaba ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, na shigo da gaggawa ban gaishe ka ba. Ina gajiya?"

"Ba gajiya," in ji Maikaho.

"Yaya jiki?"

"Lafiya lau," ya ce, yana riƙe da kumburarren kofato sama da ƙasa.

Wani zomo a baya ya fara dariya, ya mayar da ita tari. Maikaho ya dubi ƙafarsa, ya daɗe yana dubanta.

"Ba ƙarya ka yi ba, ranka ya daɗe," in ji Tasalla. "Tarbiyya ce. Inna ma tarbiyya gare ta. Gaisuwa ake yi mata, tana amsa gaisuwa."

Malam Jatau ya ce ko da hakan ne, ai akwai aku arba'in. Tasalla ta tambaya yaushe aka taɓa sa su maimaita abin da suka haddace. Aka dubi juna. Sai aka kira babbansu, aka ce ya faɗi inda ruwan fari yake.

Aku ya gyara murya. "Salamu alaikum. Wa alaikumus salam. Inna, ina kwana? Lafiya lau. Ina gajiya? Ba gajiya. Yaya yara? Suna lafiya. Yaya mutanen gida..."

"Kai, ruwa aka tambaye ka!" in ji Maikaho.

"Ranka ya daɗe, a jere muka ɗauka, a jere yake fita. Ruwan yana wajen kwana na tara."

Majalisa ta yi doguwar shawara. A ƙarshe ta yanke cewa bushiya ta yi abin da take ganin za ta iya, muddin ba ta taɓa ganyen ƙofa ba, domin kada a tayar da hankalin jama'a.

Tasalla ta zauna da aku arba'in ɗin har kwana tara, tana jin karatunsu daga farko zuwa ƙarshe. Duk gaisuwa ta sa a cire. Amsar da aka maimaita sau ɗari ta sa a riƙe ta sau ɗaya. Sauran ta kasa su gida-gida: na ruwa daban, na magani daban, na iyaka daban. Babban aku ya yi gunaguni cewa ilimi ba gaisuwa rashin kunya ne. Ta ce masa in ya so ya gaisa da kowa da bakinsa, ba sai ya haddace ba. Karatun kwana tara ya dawo na safiya ɗaya. Ba ta yarda da shi haka nan ba. Ta kai aku gaban Inna ya maimaita, Inna ta gyara wuri uku, har da wata kuka da aka ce gabas alhali yamma take. Sannan Tasalla ta raba aku arba'in ɗin kashi uku, kashi ɗaya a tsamiya, ɗaya a kan dutse, ɗaya a hayin rafi, domin kada gobara guda ta haɗa da su.

Shekarar nan rafi ya ƙafe tun kafin lokacinsa. Dabbobi suka yi dafifi a gindin tsamiya, kowa na ihu, babu layi. Tsibin Tasalla ya kai talatin, washegari arba'in. Ta roƙi a bar Inna ta huta, ba wanda ya ji. Rana ta uku da safe Malam Jatau ya zo ya rusuna. Inna ta ce, "Ba gajiya," gwiwoyinta suka lanƙwashe, ta kwanta da zazzaɓi, ba ta ƙara cewa uffan ba. Shi kuwa ya riga ya tashi da amsarsa, ya je ya rataye ɗanyen ganye.

Ruwan da ya rage a kududdufi bai wuce na kwana biyu ba. Bareyi suka fara shirin ƙaura da 'ya'yan da ba za su iya tafiyar ba. Maikaho ya zo da kansa yana ɗingishi, ya tsaya a bakin ramin bushiya. Bai yi gaisuwa ba.

"Tasalla, ina ruwa?"

Ta ɗaga kai ta kira aku. "Gidan ruwa. Shekarar fari."

Kafin ta ja numfashi ɗaya aku ya ce, "Daga kukar da aradu ta tsaga, a bi yamma har suri uku a jere. A haƙa ƙarƙashin na tsakiya, tsawon giwa."

Aka ɗunguma. Dabgi ya shiga haƙa, mugun dawa yana ture ƙasa. Rana ta take, babu komai sai busasshen yashi, har an fara hararar Tasalla. Wajen la'asar dabgi ya leƙo da taɓo a hanci. Ruwa ya ɓulɓulo mai sanyi, birai suka ɓarke da guɗa, 'ya'yan barewa suka sha har cikinsu ya yi tulu. Ruwan farko da aka ɗiba a ɓawon kuka, Inna aka kai wa.

Bayan kwana shida ta miƙe. Yanzu ƙananan tambayoyi wajen aku ake kai su, ita sai manya, kuma duk ranar da tsibin Tasalla ya wuce biyar a sallami layi. Wata rana da hantsi Inna ta sauko da hancinta har bakin ramin.

"'Yar nan," ta ce, "tun ina budurwa ake tambayata ina gajiya. Ke ba ki taɓa tambayata ba."

"Na san abin da za ki ce, Inna."

Giwa ta yi dariya har tsamiya ta zubo.

Majalisa ta shirya gagarumin biki. Malam Jatau ya karanta jawabi mai tsawo a kan hangen nesan hukuma, aka sa wa rijiyar sunan shugaba. Ba a manta da Tasalla ba. An ba ta wurin zama a sahun gaba, a tsakiyar manya, sai dai saboda ƙayar jikinta aka bar wuri biyu babu kowa a damanta, biyu a hagunta.