Cindo Ya Koyi Faɗin Niyya da Japananci

Ku gyara zama ku ji. A garinmu, Gidan Tsamiya, akwai wani manomin shinkafa ana ce masa Cindo. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Tabawa, da mahaifiyarsa Iya Kande. Ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai duk abin da ka faɗa masa, haka zai ɗauke shi ɗanye. Mu kuwa sauran mutanen garin, Allah ya hore mana iya cewa "gobe". Magudanar ruwan fadamarmu shekara uku ke nan da toshewa, kullum gobe za a yashe ta. Gonar Cindo ce a can ƙarshe, inda ruwan ba ya kaiwa.

Ana nan sai wata ƙungiya ta ce za ta kai mutum ɗaya Japan, wata shida, ya koyo noman shinkafa, amma sai wanda ya ɗan iya yarensu. Mutum goma sha biyu suka ba da suna. Cindo ya ƙwallafa rai, don gonarsa ta fara kasa ciyar da gidan. Malam Ila, wanda ya taɓa zama can, shi ke koyar da su a ajin firamare duk Asabar.

Wata rana Malam Ila ya ce yau darasin faɗin niyya ne. "In ka rufe maganarka da tsumori des, ka ce kana da niyya ke nan. In ka ce yotei des, an riga an sa rana. Kuma ku sani, mutanen can in sun ce za su yi abu, yi suke yi." Ya biya musu jimlar da ke nufin "gobe ina da niyyar zuwa kasuwa", aji ya maimaita har sau goma. Washegari Cindo ya tafi kasuwa, alhali ba ranar cinta ba ce. Ya zauna a rumfar da babu kowa, shi da awaki, har azahar. Ya dawo ransa a ɓace, ya wuce wurin Malam Ila.

"Malam, mu goma sha biyu muka faɗa, ni kaɗai na je."

"Misali ne, Cindo."

"To, Misalin ma bai je ba, ko?"

Wata rana kuma jimlar littafin ta ce, "Ina da niyyar daina shan taba." Cindo ya maimaita, sai hankalinsa ya tashi, don bai taɓa sa taba a bakinsa ba. Yaya mutum zai daina abin da bai fara ba? Ya biya wurin mai tireda ya sayi kara ɗaya, ya kunna a tsakar gida. Zuƙa ɗaya ya yi, tari ya turnuƙe shi har da hawaye. Iya Kande ta fito da muciya a hannu.

"Da girmanka, ɗan nan? Yaushe ka fara?"

"Yanzu, Iya. Amma ki kwantar da hankalinki, na daina."

Sai da ya sha muciyar duk da haka.

Wata rana Tabawa ta gaji da abin kunyar da yake jawo mata a bakin rijiya, ta ce, "Wallahi Malam, in ba ka bar shirmen nan ba, gidanmu zan tafi." Cindo ya tambaye ta a natse, niyya ce ko an sa rana? Cikin fushi ta ce yau ɗin nan. Kafin ta gama wanke-wanke ya ɗaure mata kayanta tsaf, ya kira ɗan acaba, har ya ba ta gyaɗa ta kai wa babanta. Tabawa ta zauna a kan ƙullin kayan, ta rasa kuka za ta yi ko dariya. Iya Kande ce ta sallami ɗan acaban.

Wata rana aka ce ga Bajapanen ƙungiyar nan zuwa, wani dattijo mai suna Ogawa. Malam Ila ya shirya musu jimla mai burge baƙo: "Ranar Alhamis da safe za mu yashe magudanar ruwa", da yotei des a ƙarshenta. Da baƙon ya iso, kowa ya rangaɗa ta tiryan-tiryan a gabansa, ban da Cindo da ya yi ta in'ina har aji ya fashe da dariya. Ogawa ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa, ya ce ranar Alhamis zai dawo ya zaɓi mutum ɗaya.

Alhamis da sassafe Tabawa ta fito masa da rigarsa ta sallah. Cindo ya ɗauki shebur.

"Malam, yau ce fa ranar zaɓen."

"Yau ce kuma ranar magudana. Da bakina na faɗa."

Ta roƙa, Iya ta yi faɗa, ya sa kai ya tafi. Tabawa ta yi kuka sosai a ranar, don ta san damar ta kuɓuce.

Mutum goma sha ɗaya suka hallara a aji, an sha guga, an sha turare, kowa na bitar gaisuwa. Hantsi ya yi, babu Ogawa. Azahar ta gabato, shiru. Har wasu sun fara cewa ashe Japanawan ma sun iya saɓa alkawari. Malam Ila ya hau kekensa ya bi hanyar fadama, ko motar baƙon ce ta lalace. Can ya hangi mutum biyu tsundum cikin laka har gwiwa. Ogawa tun bakwai yake wurin da takalmin roba, don shi ma abin da aka faɗa ya rubuta, kuma ya yarda. Shi da Cindo sun yashe wajen taku arba'in, ba mai jin yaren wani sosai.

Da Malam Ila ya dawo aji, ya cire hula ya goge gumi, ya ce, "Ku tashi ku tafi gida. Shekara da shekaru muna yi wa mutum ɗaya dariya, ashe akwai ƙasa guda ta irinsa, kuma su ke ba da kujerar tafiyar."

Cindo ya tafi Japan bayan girbi. Mu kuma abin ya yi mana ciwo ƙwarai, har muka taru a ƙofar masallaci muka yanke shawara cewa sauran magudanar, in Allah ya yarda, gobe.